Kwamfuta ta Huɗu

Shekara goma sha tara ke nan ina gyaran kwamfuta. Injunan da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba, masu su ma na manta fuskokin yawancinsu. Amma ban taɓa mantawa da wata Talata ta watan Oktoban 2012 ba, ranar da aka tura ni wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Dindir. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, masu saurin hannu, ku ajiye wayoyinku ku saurara, don ba kullum nake iya ba da wannan labari ba.

A lokacin ni fanni ne a sashen kwamfuta na wani ofishin gwamnati a Sinnar ta ƙasar Sudan, mai kula da makarantu da wuraren matasa. Fanni shi ne mai gyara da hannunsa. Sama da shi akwai injiniya, sama da injiniya akwai mudir, wato shugaban sashe. Wannan a takarda ke nan. A zahiri injiniyanmu ya daɗe da tafiya ƙasar waje, saboda haka ni ne fanni, ni ne injiniya, ni ne kuma mai ɗaukar jaka. A ƙauyuka Bashmuhandis suke kirana, wato babban injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Ina jin daɗin sunan, gaskiya.

Ga yadda aikin yake tafiya. Makaranta ko nadi za ta rubuto koke. Nadi shi ne gidan taron samari da kusan kowane ƙauye yake da shi, inda ake kallon ƙwallo, a buga domino, a sha shayi. Mudir ya sa hannu a takardar aiki, ka ɗauka ka tafi. In ka isa ka ƙirga injuna, ka rubuta lafiyar kowanne, ka tambayi masu wurin ko akwai abin da suke so a ajiye musu, ka kwafe shi. Bayan nan sai farmata, wato goge duk abin da ke cikin injin, sannan ka ɗora babbar manhaja, wadda take tuƙa kwamfutar gaba ɗaya. Akwai kuma wata ƙa'ida da mudir ba ya wasa da ita: injunan wuri ɗaya su ɗauki manhaja iri ɗaya, don kada wanda zai zo bayanka ya ruɗe.

Shekarun nan na takunkumi ne, ba a sayar mana da manhajar kuɗi ta hanyar da ta dace. Kowa da kwafin kasuwa yake aiki, kwafin kasuwa kuwa gidan bairos ne. Filas ɗaya, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi kaya, zai zaga ƙauye ya kwantar da duk injin da ya shiga. Shi ya sa na koma wa Linuks, wadda take kyauta, a buɗe, kowa yana iya leƙa cikinta ya gyara, kuma bairos ɗin filas ba sa kama ta. Sai dai Linuks ba guda ɗaya ba ce, iri-iri ce kamar dawa, kowace da ƙasar da take so. Faifai uku nake yawo da su, da launi nake kiran su. Mai ruwan ƙasa kyakkyawa ce amma tana da nauyi, kuma komai ka nema sai ta ce a haɗa ta da intanet. Mai kore fuskarta ta yi kama da wadda mutane suka saba, tana kunna bidiyo da karatu tun daga faifai. Mai shuɗi ba ta da nauyi, tana tayar da injin da ya tsufa, amma samari sun raina ta don ba ta da ado. Na huɗu a jakata faifan wasanni ne da na tara da kaina.

Mudir ya zaɓe ni ne don ni ɗan Mai Wurno ne, garin Hausawa, harshe ba zai ba ni wahala ba. Na hau ƙaramar bas daga Sinnar zuwa Dindir, daga nan na hau bayan wata boksi, motar ɗaukar kaya, tare da buhunan gishiri. Damina ta ƙare, baƙar ƙasar nan ta fara tsagewa. Na isa da hantsi.

Wanda ya tarbe ni Alhaji Sale ne, shugaban lajna, wato kwamitin da ke riƙe da nadin. Dogo ne, manomin riɗi, ba shi da yawan dariya. An tayar da janareta saboda ni. A babban ɗakin na tarar da kwamfuta uku a jere, da samari kusan ashirin sun kewaye su kamar masu jinya.

Abin da na fi so ga Linuks shi ne kana iya tayar da ita daga faifai ka gwada, ba tare da ka taɓa abin da ke cikin injin ba. Haka na yi. Na gwada sauti, na gwada rubutun Larabci, na gwada injin buga takarda. Mai ruwan ƙasa ta yi wa biyu daga cikinsu nauyi. Mai shuɗi ta tashi da gudu, amma ta ƙi sanin injin buga takardar. Ana cikin haka gardama ta kaure.

"Bashmuhandis, ƙwallo fa?" in ji wani daga cikin samarin. "In babu ƙwallo, bar muna bairos ɗinmu, mun saba da shi."

Alhaji Sale ya daka musu tsawa. "Ku yi muna shiru! Mu takarda muka so, wadda za mu rubuta ma hukuma zancen ruwa."

Wasan ƙwallon da suke so an yi shi ne don manhajar kuɗi. Akwai wata 'yar gada da ake sakawa a Linuks ta ɗauki irin waɗannan wasanni, wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci ta karye. A inji ɗaya, mai katin hoto na daban, ƙwallo ta gudu lafiya. A sauran biyun 'yan wasan sai tafiya suke kamar masu ciwon baya. Na yanke hukunci: mai kore a kan duka, ƙwallo a inji ɗaya, sauran su samu tseren mota da dara da wasan gini. Samari suka yi gunaguni suka haƙura. Kafin azahar na gama ukun, ina ta jin kaina.

Sai na duba takardar aiki. An rubuta huɗu.

"Ta huɗun tana sito," in ji Alhaji Sale, bai kalle ni ba. "Wagga ba gyara muka so ba. Goge ta za ka yi, ka wanke ta tas."

"Mi yas same ta?"

Samarin da suke ta surutu ɗazu suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wai za su yi alwala. Alhaji ya ja ni gefe ya ba ni labari. Akwai wani malamin Turanci a makarantar ƙauyen, Ustaz Haruna, shi ne yake kula da injunan nadi, ta huɗun kuwa kusan tasa ce shi kaɗai. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu, wata goma da suka wuce. Bayan rasuwarsa wasu samari biyu suka kunna injin suna neman wasa, sai suka ga maƙabartar ƙauyen a ciki, da sunayen matattu. Wannan bai dame su ba sosai. Abin da ya kore su da gudu shi ne sun ga ramuka a buɗe, da sunayen mutanen da suke da rai. Ɗaya daga ciki na wan Alhaji Sale ne, Mamman. Wata biyu bayan haka Mamman ya faɗi a gona. Da aka je haƙa, Baba Ilu, tsohon da ya shekara hamsin yana haƙa kabarin ƙauyen, ya nuna wuri da sandarsa. Samarin nan biyu suna wurin. Suka rantse da Allah daidai inda suka gani a injin ne.

"Ba ku tambayi Baba Ilu ba?" na ce.

"Kwana shidda bayan nan jikinai yas shanye. Baki ya tafi. Ido kaɗai ar rage."

Na yi murmushi irin na ɗan birni. Na ce masa kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta san gaibu ba. Ya ce to, ga mabuɗi.

Siton ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, cike da karyayyun kujeru. An lulluɓe injin da tsohon bargo, aka ɗora bulo biyu a kai, kamar ana tsoron kada ya tashi ya fita. Na sauke bulon ina dariya. Alhaji Sale ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa ba ta ƙetare dokin ƙofar ba. Na jawo waya daga babban ɗaki, na kunna.

Abin mamaki na farko, Linuks ce a ciki, wata tsohuwa da ba na ɗauke da irinta. Wato marigayin ya riga ni. Na ji wani irin abu, kamar na shiga gidan ɗan'uwan da ban taɓa sani ba. Babu komai a fuskar injin sai alama ɗaya, ta wasan gini. Wasa ne da ake ba ka fili, kana tara bulo kana gina abin da ka ga dama, kana yawo a ciki kamar da ƙafarka. Ina da shi a faifaina. Na danna.

Wasan yana ajiye ka ne a inda mai shi ya tsaya a ranarsa ta ƙarshe. Na sami kaina a bakin wani rami, da shebur a hannu. Ramin ba shi da suna.

Na juya da linzamin kwamfutar. A bayana ga ƙauye. Ba wani ƙauye ba, wannan ɗin da nake zaune a cikinsa. Ga kogi ya lanƙwasa yadda na gan shi daga bayan boksi, ga masallaci da gajeriyar hasumiyarsa, ga rumfar mai nama. Na bi hanya. Duk takun da na yi sai lasifika ta ba da ƙarar ƙafa a kan tsakuwa, ƙaras, ƙaras. Ban da wannan babu wani sauti. Babu mutum, babu akuya, babu kaza. Kowane gida a wurinsa, ƙofofi a rufe. Na ga nadi, na shiga. Ga babban ɗaki da injuna uku a jere. Ga ƙofar sito a hagu. Na tsaya a gabanta, a cikin wasan, na kasa buɗewa. Wallahi sai da na waiwaya na dubi bayana a ɗakin gaske.

Na yi ta maza na koma maƙabarta. Tana gabas da gari, da wata babbar aduwa a tsakiya. Kaburbura a jere, sahu sahu, sun fi ɗari biyu, kowanne da ɗan allo a kansa. Da harafin boko aka rubuta sunayen, don wasan ba ya karɓar na Larabci. Shi ya sa sai masu ɗan Turanci suke iya karantawa. A tsakanin rufaffun kaburburan, nan da can, akwai ramuka a buɗe, baƙi ƙirin. Na matsa kusa da ɗaya na karanta sunan da ƙarfi, don in nuna wa Alhaji ba na tsoro.

Ya ce daga bakin ƙofa, a hankali, "Da safe munka gaisa da shi."

Na karanta wani.

"Surukata ta. Tana gida tana tuƙa tuwo."

Daidai lokacin rana ta fara faɗuwa a cikin wasan, don yana da nasa dare da rana, alhali a waje azahar ce tsaka, zafi kamar zai fasa kwano. Allunan suka fara duhu. Na ɗauke hannuwana daga madannai na ɗora a cinya, in ɗan numfasa. Sai na ji ƙaras, ƙaras, ƙaras. Hannuna ba ya kan komai, amma ana tafiya. Hoton yana matsawa gaba shi kaɗai, tsakanin kaburbura, a miƙe, ba sauri. Ina kallo har aka iso bakin wani rami, aka faɗa ciki. Fuskar injin ta koma baƙa, sai ɗan murabba'in sama da ake hange daga ƙasan ramin.

Yau na san abin da ya faru. Maɓallin tafiya ne ya maƙale saboda datti, wata goma ba a taɓa shi ba. Kowane ɗayanku zai gane haka cikin daƙiƙa biyu. Ni ma da a ofis ne da na gane. Amma a ɗakin nan sai na fizge wayar wuta daga bango. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba tun ina yaro, kuma na ji kunyar Alhaji Sale da ya ga fuskata.

A nan na yi kuskuren. Na tayar da injin daga faifai mai kore don kada in sake ganin wurin. Ƙa'ida ta ce a kwafe abin ajiya, saboda haka na nemo jakar da wasan yake adana filinsa, na jefa ta a filas. Ban kwafi wasan kansa ba, na ce ai ina da shi. Ban duba ko na wace shekara ba ne. Ban kai filas ɗin kan wani inji na buɗe na gani ba, ga injuna uku a ɗaki na gaba, biyu daga ciki da wasan a kansu. So nake kawai in gama in fita. Na tambayi Alhaji, kamar yadda tsari ya ce, ko akwai mai buƙatar wani abu a ciki. Ya ce babu. Na danna farmata. Kafin a idar da sallar azahar komai ya tafi, mai kore ta hau, injin ya zama kamar 'yan'uwansa. Alhaji ya sa hannu a takarda, har ya yi mini murmushi.

Bayan la'asar ina haɗa jaka sai na ji samarin sun yi shiru. Wata tsohuwa ce a bakin ƙofar nadi, 'yar ƙarama, cikin farin mayafi, da sanda. Mata ba sa shiga nadi a ƙauyen, amma ita ta shigo, babu wanda ya hana ta. Aka ce mini sunanta Inna Hajjo.

"Kai na ɗan Mai Wurno mai gyaran akwati?"

"Ni na, Inna. Sannu da ƙarasowa."

"An ce ka taɓa na Haruna."

Na ce na taɓa. Aka kawo mata kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa, ni ma na durƙusa. Ta yi magana ba tare da ta rage murya ba, duk ɗakin yana ji.

"Ɗiyata Rabi ta rasu tana shekara tara. An fi shekara arba'in. Mu mata ba mu zuwa kusheyi. Sunka ɗauke ta da hantsi, sunka komo hannu wofi. Ban taɓa ganin inda ta kwanta ba. Ubanta ya sani, ya tafi. Kawunnanta sun sani, sun tafi. Ruwa kuma ya hau wurin sau nawa, ya baje ƙasa, ya kwashe itacen alama. Saura Ilu."

Daga bakinta muka ji sauran. A ƙauyen, in tsoho ya ga shekaru sun tura, yakan je wurin mai haƙa a ɓoye ya roƙi wuri kusa da wani nasa. Ba a faɗa wa 'ya'ya, don kada a ce ana kiran mutuwa. Amana ce tsakanin mutum biyu. Duk wannan a cikin kan Baba Ilu yake, da wanda ya kwanta a ina, da wanda ya roƙi ina. Da ya ji kansa ya fara mantuwa sai ya nemi Ustaz Haruna. Takarda ba ta yi masa amfani ba, don ba ya karatu. Amma da Haruna ya gina masa kogi da aduwa da sahu a cikin wasan, sai tsohon ya riƙa nunawa da yatsa, nan wane, nan wance. Shekara guda suna yi, su biyu.

"Ilu yac ce mani, Hajjo, kar ki damu, na ba Haruna duka. Wurinki na nan jikin Rabi, ya haƙa maki cikin akwatinai."

Alhaji Sale ya dafe kai. "Inna, kin san haka, kina ji muna zancen aljannu, ba ki faɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni? Kuma asirin mutane na. Nic ce tunda kun kulle shi kun aza bulo, ya tsira."

Ta juyo gare ni. "Ɗana, ba ni son komi. Nuna ma Sale wurin kawai, ya sani. Jikina na gaya mani magana."

Na cika baki. Na ce Inna kwantar da hankalinki, na kwafe komai, ga shi a aljihuna. Na sa filas a injin, na buɗe filin da wasan da ke faifaina. Ƙauye ya fito, kogi ya fito, aduwa ta fito. Kaburbura suna nan sahu sahu. Amma a kan kowanne, maimakon allo, sai wani dunƙulen bulo mai toka, ba rubutu. Na je na biyu, na goma, na hamsin. Babu suna ko ɗaya. Wasan da ke hannuna sabon fitowa ne, na Haruna tsoho ne, kuma sabon bai san irin allunan tsohon ba. Tsohon kuwa da hannuna na goge shi awa uku da suka wuce.

Ta ga fuskata. "Babu?"

"Yana nan, Inna. Rufe yake. Sai na samo mabuɗinai a birnin Madani."

"Kwana nawa?"

Na ce uku. Ta dafa sanda ta miƙe. "Allah shi ba ka sa'a. Kar ka daɗe."

Washegari kafin in hau mota na sa aka kai ni wurin Baba Ilu, ko zai iya nunawa. Yana kwance a kan gadon igiya a inuwa. Na faɗi sunan Rabi 'yar Hajjo a kunnensa. Idonsa ya motsa, ya ɗaga hannun da ya rage masa ya nuna gabas, leɓensa yana rawa. Gabas duk maƙabarta ce. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne, na tashi na fita.

A ofis na gaya wa mudir ina buƙatar kwana uku a Wad Madani. Ya duba takardar aiki. "Injuna huɗu, manhaja ɗaya, lajna ta sa hannu. Mu'azu, aikin nan ya ƙare." Ya miƙo mini wata takardar, makarantu biyar kafin jarrabawa. Ban ga laifinsa ba, a wurinsa wasa ne na yara. Ni ne ban iya bayani ba, ko kuma kunya ta hana ni faɗin abin da na yi dalla-dalla. Sai ranakun hutu nake hawa bas zuwa Madani, wurin wani abokina mai shagon intanet kusa da jami'a. Layi yana tafiya kamar jaki mai kaya, wasu shafukan kuma a rufe suke ga duk wanda ya shigo daga Sudan. Ban san wane fitowa Haruna ya yi aiki da shi ba, saboda haka na riƙa sauko da tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ƙi tashi, wani ya tashi ya ƙi filin. Kwana uku suka zama goma sha shida.

Na bakwai da na gwada shi ya buɗe. Sunaye suka dawo gaba ɗaya. Na bi sahu ina karantawa har na same su: sahu na huɗu arewa da aduwa, kabari na shida daga gefen kogi, Rabi 'yar Hajjo. A jikinsa rami a buɗe, Hajjo. Na sayi babbar takarda na zana maƙabartar duka, suna bayan suna, na yi kwafi uku. Ban tsaya neman izini ba, na kama hanyar Dindir.

Tun daga bayan boksi na hango rumfa da tabarmi a ƙofar wani gida, maza zaune a jere. Ban tambayi kowa ba, na riga na gane. Alhaji Sale ya taso daga cikinsu ya riƙe hannuna.

"Inna Hajjo ta cika Alhamis, bayan azahar. Mun jira ka har rana ta kusa faɗuwa, ko Allah zai jeho ka. Ba a ajiye gawa. Munka sa ta sabon sahu."

"Ta yi magana?"

"Ta tambaya ko ɗan Mai Wurno ya komo. Sau biyu."

Muka tafi maƙabarta, ni da shi da liman. Na buɗe takarda, muka kama daga aduwa muka ƙirga. Wurin Rabi fili ne kawai, ƙasa a baje, ciyawa ta bushe a kai. Kusa da shi ga wurin da aka roƙa, ba kowa. Can yamma, a bakin shinge, ga sabuwar ƙasa da ƙaya a kanta. Liman ya ce ƙasa duk ta Allah ce, kuma rahamarsa ba ta da nisa da kowa. Gaskiya ya faɗa, na kuma yarda. Amma da suka juya sai na taka daga wannan zuwa wancan ina ƙirgawa. Taku arba'in da ɗaya.

Takardar ta yi amfani daga baya. Liman ya karɓi ɗaya ya ɓoye, ba ya nuna wa kowa sai ranar haƙa, kuma sauran tsofaffin da suka roƙi wuri duk wanda ya tafi an sa shi inda ya so. Na mayar da tsohon wasan kan injin na huɗu, na saɓa ƙa'idar mudir, na rubuta dalili a bayan takardar aiki. Ya karanta, ya ajiye.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Zaɓen manhaja shi ne mafi sauƙi a aikin nan: ka gwada, ka ga wadda injin ya ɗauka, ka ga wadda mutane za su iya zama da ita. Mai wuyar shi ne abin da ka tarar a ciki. Kwafin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka kira shi kwafi. In abu ya ba ka tsoro a cikin inji, to ba ka gane shi ba ne, kuma lokacin ne bai kamata hannunka ya je kusa da farmata ba. Sannan mutanenmu ba sa ajiye abu mai daraja a inda aka rubuta masa suna, kuma wanda ya sa hannu a takarda ba lallai shi ne mai kayan ba. Na tambayi shugaban lajna, na tambayi samari, na cika kowane layi na takardar aiki. Mai kayan tana gida, ba a kira ta ba.

Minti goma sun ishe ni ranar in ɗauki filas in shiga ɗaki na gaba in duba. Ban yi ba don ina sauri in bar ɗakin da ya tsorata ni. Tsohuwar nan ta jira shekara arba'in ta kwanta a jikin 'yarta, ni na raba su.